Mario Party na gidajen gem a Japan: gasa ce tsakanin 'yan wasa ko injin kwabbai ne kawai?

Abu Hanif ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'abota wannan zaure. Ina da tambaya game da wani reshe na wasan Mario Party wanda ba a cika maganarsa ba, wato wanda aka ƙera domin gidajen gem na ƙasar Japan (wuraren da ake biyan kuɗi a yi wasa a kan injina), ba domin na'urar gida ba. Na ga hoton bidiyon ɗaya daga cikinsu mai suna Super Mario Fushigi no Korokoro Party, wanda aka ce an ɗauko shi daga Mario Party 5, kuma abin da na gani ya saɓa wa abin da na sani. Mario Party da na saba da shi wasa ne na mutum huɗu a gaban talabijin guda, kowa yana jefa dayis idan layi ya zo kansa, ana zagaya fili ana tara sulalla ana sayen taurari, a ƙarshen kowane zagaye kuma a fafata a ƙaramin wasa. A wannan bidiyon kuwa, wani ƙaton inji na gani mai kujeru kewaye da shi, kowane mutum yana fuskantar nasa ɓangaren, yana zura kwabban ƙarfe ta wata kafa, ba ya ko kallon na kusa da shi.

Tambayoyina uku ne, kuma suna da alaƙa da juna. Na farko, wane ne ya yi waɗannan injina, kuma me ya rage a cikinsu na ainihin Mario Party ban da hotunan Mario da abokansa? Na biyu, tunda ana zura kwabbai kuma wasu kwabban suna zubowa, shin wannan ba caca ba ce da aka lulluɓe da rigar wasan yara? Na uku, me ya sa aka tsare su a Japan, alhali Mario Party na gida ana sayar da shi a duk duniya? Duk wanda yake da masaniya ya taimaka, Allah ya saka da alheri.

Malam Sabo ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Abu Hanif. Zan ɗauki tambayarka ta farko, in ɗan taɓa ta uku, in bar batun doka ga waɗanda suka fi ni riƙe shi.

Kamfanin Capcom na birnin Osaka ne ya yi waɗannan injina da izinin Nintendo, kuma wannan shi ne abu na farko da ya kamata a lura da shi, domin Capcom ba shi ne ya yi Mario Party na gida ba. Tun daga na farko, wanda ya fito a kan Nintendo 64 a Japan a ƙarshen 1998, har zuwa Mario Party 8 na Wii a 2007, kamfanin Hudson Soft ne yake yin wasan, sannan NDcube ya karɓa daga Mario Party 9 a 2012. Saboda haka injin da ka gani aikin wasu mutane ne dabam, waɗanda sana'arsu ita ce ƙera abin da zai zaunar da mutum a kujerar gidan gem, aka ba su aron suna da hotuna da sautuka. Ba baƙon abu ba ne a tsakanin kamfanonin biyu, domin a wancan zamanin ɓangaren Capcom ne ya yi wa Nintendo wasu wasannin Zelda na hannu, ciki har da The Minish Cap na 2004, kuma daga baya Capcom ya yi injin Luigi's Mansion na gidajen gem.

Wanda ka ambata ya fito a 2004, shekara guda bayan Mario Party 5 na GameCube, kuma mutum shida za su iya zama a kansa a lokaci guda. Na biyunsa ya biyo baya a 2005. A 2009 aka fitar da Mario Party Fushigi no Korokoro Catcher, wanda aka gina a kan Mario Party 8, aka ƙara masa ƙugiyar ɗauko ƙwallo irin ta injinan kamun kyaututtuka, sannan wasu suka biyo baya har zuwa tsakiyar shekarun 2010.

Dukkansu suna cikin rukunin da ake kira wasannin kwabbai, kuma tsarin mafi yawan irin waɗannan injina shi ne turin kwabo, wanda asalinsa daga wuraren shaƙatawa na Ingila ne a shekarun 1960. Ga yadda abin yake idan ka zauna a gabansa. A bayan gilashi akwai faranti shimfiɗe da kwabbai, wasu a kan wasu, a samansa kuma akwai wani mataki da yake zuwa gaba yana komawa baya ba ya tsayawa. Kai kana da kafar zura kwabo wadda kake iya karkatawa dama ko hagu. Idan ka saki kwabo ya faɗi a daidai lokacin da matakin ya ja baya, sai ya kwanta a fili, matakin ya dawo ya tura shi, shi kuma ya tura na gabansa, har waɗanda suke bakin gaɓa su zubo cikin tiren da yake gabanka. Idan ka sake shi ba a kan lokaci ba, sai ya hau kan ɗan'uwansa ya zauna, bai tura komai ba. A gefen farantin dama da hagu akwai ramuka, kuma duk kwabon da ya faɗa can ya zama na gidan. Wannan shi ne gangar jikin injin, kuma da Mario da babu Mario haka yake aiki.

Abin da aka ɗauko daga Mario Party shi ne abin da yake faruwa a allo. Kwabon da ya ratsa ta wata kafa ta musamman, ko ƙwallon da ka yi nasarar turowa, yana tayar da wani abu a allon: a jefa dayis, ɗan wasanka ya taka gidaje a fili, ya sauka a gidan da yake ba da lada ko gidan da yake buɗe ƙaramin wasa, kuma duk wannan tafiyar tana kai mutum ga damar babban rabo, inda injin zai kwararo kwabbai masu yawa a kan farantinsa. A ganina zaɓin Mario Party domin wannan aiki dabara ce mai kyau, don kuwa wasan tun asali a kan dayis da sa'a da lada na ba-zata aka gina shi, ba a buƙaci a lanƙwasa shi sosai ba. Amma abin da ya sa mutane suke son Mario Party a gida, wato ka ƙwace tauraron abokinka a zagayen ƙarshe yana kallonka, shi ne abin da ya fi raunana a nan. Kujeru shida ba su nufin abokan hamayya shida.

Game da tsayuwarsa a Japan, dalili ɗaya a bayyane yake: inji ne babba mai tsada da cin wuri, mai buƙatar ma'aikacin da zai riƙa cika shi da kwabbai yana gyara shi idan ya cushe, kuma ba ya da amfani sai a gidan da yake da sashen kwabbai tun da farko, da abokan ciniki da suka saba da shi.

Ummu Sultan ta amsa:

Malam Sabo ya yi bayanin injin yadda ya kamata, ni kuma zan tsaya a kan tambaya ta biyu, domin a can ne mutanen waje suka fi yin kuskure, suna haɗa waɗannan wasanni da pachinko, wato wasan injin harba ƙananan ƙwallayen ƙarfe na Japan, alhali doka ta raba su.

Kwabban da ake zurawa ba kuɗin yen ba ne. Kwabbai ne na gidan gem ɗin, kuma a hukumance aronsu ake ba ka, ba sayar maka ake yi ba. Kana biyan yen a wani inji ko a teburin ma'aikata, a zuba maka kwabbai a kofi, ka je ka yi wasa da su. Hanyar ɗaya ce ba ta da komowa: yen yana zama kwabbai, amma kwabbai ba sa komawa yen, ba a musanya su da kaya ko kyauta, kuma ba a yarda ka fita da su daga gidan ko ka kai su wani gidan ba. Idan ka tashi tafiya kana da saura, sai ka ajiye su a ma'ajiyar gidan da sunanka, wadda a wurare da yawa inji ce mai tantance mutum da lambar sirri ko da yatsa, kuma ajiyar tana da wa'adi, idan ka daɗe ba ka dawo ba ta ɓace.

Tushen wannan shi ne dokar da ake kira Fueiho, wadda aka kafa a 1948 domin kula da wuraren nishaɗi, aka shigar da gidajen gem ƙarƙashinta da gyaran da ya fara aiki a 1985. Dokar ta hana gidan gem ba da kyauta gwargwadon sakamakon wasa, ga kuma sashe na 185 na dokar laifuka ta Japan wanda ya haramta caca. Sassaucin da aka sani shi ne na injinan ƙugiya, inda 'yan sanda suke ƙyale ƙananan kyaututtuka, kuma a 2022 aka ɗaga iyakar darajarsu daga kimanin yen 800 zuwa kimanin yen 1,000. Pachinko kuwa yana wani rukuni dabam na wannan doka, an yarda ya ba da kyaututtuka, ana kuma sayar da wasu daga cikinsu a wani shago na kusa a karɓi kuɗi, kuma ba a barin wanda bai kai shekara 18 ba ya shiga. Gidan gem yara suna shiga, sai dai da iyakar lokaci: wanda bai kai 18 ba ba ya wuce ƙarfe 10 na dare, 'yan ƙasa da 16 kuma a larduna da yawa suna fita tun ƙarfe 6 na yamma, ko da yake tun 2016 an sassauta idan suna tare da iyayensu.

To, a idon dokar Japan wannan ba caca ba ce, tunda ba abin da mutum zai ci ya kai gida. Sai dai ba zan ɓoye ra'ayina ba, Malam Abu Hanif, cewa tambayarka ba ta mutu da wannan amsar ba. Siffar abin siffar caca ce: fitilu da kiɗa idan rabo ya kusa, kwabban da suke rataye a bakin gaɓa kamar yanzu za su faɗo, da jin cewa idan ka tashi wani zai zo ya kwashe abin da ka tara. An cire ribar kuɗi, amma ba a cire abin da yake riƙe zuciya ba, kuma sanya fuskar Mario a kai yana jawo yara da iyalai zuwa gare shi. Wannan ne ma ya sa ba na ganin tsayuwarsa a Japan a matsayin batun girman inji kawai. A Amurka gidajen wasa sun fi dogara da tikitin da ake tarawa a musanya da kyauta, saboda haka inji mai biyan kwabban da ba su sayen komai ba zai yi ma'ana ga abokan cinikinsu ba sai an sake masa tsari, a wasu ƙasashen kuma injin turin kwabo yana iya faɗawa ƙarƙashin dokokin caca kai tsaye. Nintendo kamfani ne mai tsananin kishin sunansa a wurin iyaye, ba na jin zai so a ga Mario a cikin irin wannan taƙaddama.

Abu Hanif ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam Sabo da Malama Ummu Sultan, Allah ya ƙara basira. Bayanin doka ya warware mini abu guda, amma ya ɗaure mini wani. Idan kwabban ba su komawa kuɗi kuma ba su sayen komai, mene ne mutum yake nema da zai zauna awa biyu ko uku yana zura su? Sannan idan gaskiya ne cewa kowa da farantinsa yake fama, kamar yadda Malam Sabo ya nuna, ashe kiran wannan inji wasan mutane da yawa yaudara ce ta talla, tunda bambancinsa da injina shida da aka jera a layi bai wuce rufin da ya haɗa su ba.

Injiniya Bala ya amsa:

Malam Abu Hanif, a nan zan ɗan saɓa wa Malam Sabo, tare da girmamawa, domin ina ganin an auna injin da ma'aunin da ba nasa ba. Gaskiya ne babu juyin layi, babu mutum huɗu da suka fara tare za su gama tare. Hakan ba zai yiwu ba a gidan gem, domin wasan Mario Party na gida, ko da na zagaye 20 ne, yana iya cin awa guda ko fiye, kuma yana lalacewa idan mutum ɗaya ya tashi a tsakiya. Mai gidan gem yana buƙatar inji da baƙo zai zauna a kai a kowane lokaci, ya tashi a kowane lokaci, ba tare da ya jira kowa ko ya ɓata wa kowa wasa ba. Duk wanda aka ba aikin mayar da Mario Party inji dole ya yanke wannan igiyar, ko Capcom ne ko waninsa.

Amma ba daidai ba ne a ce injina shida ne a jere. A manyan injinan kwabbai irin wannan akwai abin da yake tsakiya wanda kowa yake tarayya a cikinsa, wato na'urar fitar da babban rabo da adadin da yake taruwa a cikinta daga wasan dukkan kujerun. Idan mutum ɗaya ya kai ga damar, kiɗan injin yana canjawa, fitilun tsakiya su kunna, ƙwallo ya fara gangarawa a bainar kowa, sai ka ga waɗanda ba su san juna ba sun dakata da zura kwabo sun ɗaga kai. Idan ya ci, adadin da kowa yake hange ya koma ƙasa, kuma wanda ya kwashe awa yana bin sa ya san cewa maƙwabcinsa ya riga shi. Wannan hamayya ce, sai dai ba ta fito-na-fito ba ce. Ta fi kama da masunta a bakin tafki guda, kowa da fatsarsa, amma kifin da ɗaya ya kama ya fita daga rabon sauran. Kuma idan ka duba da kyau, tauraro a Mario Party na gida haka yake, guda ɗaya ne a fili, wanda ya riga isa ya saye shi, ya koma wani wuri, sauran su sake lissafi.

Game da abin da mutum yake nema, amsar ita ce lokaci. A injin gem na yau da kullum kana saka yen 100 ka sami wasa guda, idan ka faɗi a minti uku shi ke nan. A wasan kwabbai kuwa, wanda ya iya sakin kwabo a kan lokaci, ya san kujerar da farantinta ya cika, ya kuma yi sa'a, yana iya shafe yini da kofi guda, ya ajiye saura ya dawo wani mako ba tare da ya sake biyan ko yen ɗaya ba. Cin nasara a nan shi ne tsawaita zama. Shi ya sa sashen kwabbai a Japan yake tara mutanen da ba ka ganinsu a gaban injin faɗa: tsofaffin da suka yi ritaya suna zuwa da safe, iyaye da ƙananan yara a manyan kantuna, da saurayi da budurwa a kujera guda suna zura kwabbai daga kofi ɗaya. Wannan na ƙarshen ma wani nau'in wasan tare ne da injin yake ba da dama, domin kujerun irin waɗannan injina galibi masu faɗi ne, da kafar zura kwabo a dama da hagu. Ga irin waɗannan mutane, Mario da Peach da Yoshi fuskoki ne da jika da kaka duk suka sani, kuma dayis ba ya buƙatar a koya wa kowa.

Idan kana son ganin bambancin sosai, kwatanta shi da Mario Kart Arcade GP wanda Namco ya fitar a 2005 a kan na'urar Triforce, wadda Nintendo da Sega da Namco suka haɗu suka yi daga GameCube. Tsere yana ƙarewa cikin 'yan mintuna, saboda haka an iya kai shi gidan gem kusan yadda yake, aka ƙara masa sitiyari da feda, kuma ya fita zuwa ƙasashe da yawa. Mario Party bai da wannan gajartar, sai aka nemo masa wani gida a sashen kwabbai, wanda kusan Japan ce kaɗai ta raya shi har ya kai wannan girma, tun daga farkon shekarun 1970 da kamfanin Sigma ya fara buɗe irin waɗannan wurare a Tokyo.

Malam Sabo ya ƙara da cewa:

Injiniya, na karɓi batun rabon tsakiya, hujja ce mai ƙarfi, kuma kwatancen tauraro guda a fili ya zauna. Inda har yanzu nake tsaye shi ne cewa a wasan gida kana iya zaɓar wanda za ka cuta, ka aika Boo, fatalwar cikin wasan, ya sace sulallan wane ka bar na wane, ku ƙulla ƙawance ku biyu a kan wanda yake gaba, sannan ƙawancen ya watse a zagaye na gaba. A injin kwabbai maƙwabcinka yana iya riga ka, amma ba da niyyar kai ba, kuma ba ka da hanyar ramawa.

Ga Malam Abu Hanif kuma, idan burinka shi ne ka ga ɗaya da idonka, ka sani cewa na 2004 da na 2005 sun tsufa ƙwarai, kuma irin waɗannan injina idan kamfani ya daina samar da kayan gyaransu, gidajen gem sukan fitar da su domin su ba sababbi wuri. Ba kamar faifan GameCube ba ne da mutum zai ajiye a aljihun tebur, domin ko an kwafi manhajar da take cikinsa, farantin da matakin da ƙwallayen ba sa kwafuwa. Gidajen gem ɗin ma kansu sun ragu sosai idan aka kwatanta da shekarun 1980, har Sega ya sayar da mafi yawan hannun jarinsa na gudanar da su ga kamfanin Genda a 2020, aka sauya musu suna zuwa GiGO a 2022. Waɗanda suka fito daga baya a jerin su ne aka fi sa ran samu, kuma wurin nemansu shi ne sashen kwabbai na manyan gidajen gem da na kantunan iyali, ba layin injinan faɗa da na kiɗa ba.